Mai jegon da ba a tambayar abin da ke ranta

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, barkanmu da warhaka. Daga Ingila nake gaishe ku. Kun ga tagar da ke bayana, ƙarfe huɗu na yamma ne amma duhu ya riga ya rufa, haka hunturun nan yake. Yau maganar mai jego na kawo, kuma ina roƙon iyayenmu mata da mazaje su tsaya su ji, don su ne ke kusa da ita.

A nan idan mace ta haihu, ungozoma kan biyo ta har gida, daga baya wata ma'aikaciyar lafiya ta karɓa. In an gama auna jariri an duba cibiya, sai a juyo kan uwar: kina samun barci? Ranki yana yi miki daɗi? Kin taɓa jin kamar ki cutar da kanki? Mu kuwa wajen kula da jikin mai jego ba a fi mu ba. Ruwan wanka na kan wuta tun asuba, ga kunu, ga gasasshen nama, ga tafiya wankan gida har a yi arba'in. Wallahi 'yan'uwanmu da ke haihuwa a nan su kaɗai a ɗaki, miji ya koma aiki, da za su samu rabin wannan gata da sun ji daɗi. Amma cikin 'yan barkan da ke cika ɗaki a Tudun Wada ko Ƙofar Doka, wa ke zama ya tambaye ta abin da ke ranta?

Kwana uku ko huɗu da haihuwa, mata da yawa kan ji kuka na zo musu ba dalili. Sinadaran da suka hau a jiki lokacin goyon ciki ne suka sauka farat ɗaya, ga gajiya. Wannan kan wuce kafin sati biyu. Idan ya zarce, ta daina cin abinci, barci ya ƙi zuwa ko da jaririn ya yi shiru, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego kan samu matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar ke nan. Ku tuna yawan sunan da ake yi a unguwarku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ciwon ke samun maɓoya a wajenmu. Yarinya ta ƙi kallon jaririnta, ta juya masa baya, sai a yi murmushi a ce kunyar ɗan fari ce. Wata kunyar ce da gaske, wata kuwa zuciyarta ce ta yi nauyi har ba ta jin komai game da shi, kuma tsoron faɗa take yi. In ta daure ta buɗe baki, sai ta ji "ki gode wa Allah, wasu nema suke ido rufe", ko "sangarta ce irin ta 'yan yanzu". Daga ranar ba za ta sake cewa uffan ba. Mama, Gwaggo, don Allah ku kore kowa daga ɗakin, ku zauna bakin gado ku ce, "'yar nan, gaya mini gaskiya, ya kike ji?" Sannan ku bar ta ta kai aya.

Akwai kuma mai tsanani, wanda kan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a sati biyun farko. Ta kwana biyu ko uku ido biyu, ta shiga surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce an musanya mata jariri. A nan ne muke cewa ta yi gamo, a kawo hayaƙi, wani lokaci har da duka. Wannan na gaggawa ne. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, a kai ta asibiti a ranar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ni ma ina addu'a, kuma ba zan taɓa cewa a bar ta ba, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Mari da sarƙa ne ban yarda da su ba. Ba mu manta mutum sama da 300 da aka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019 ba, da yawansu a ɗaure. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya.

Maganin damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a jefar da shi a kwana biyar a ce bai karɓe ta ba, kada kuma a yanke shi don an ga sauƙi sai likita ya ce. Akwai waɗanda ake sha ana shayarwa, shi zai zaɓa.

Kai kuma maigida, ragon suna ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Karɓi jaririn ka bar ta ta runtsa, rashin barci na ƙara rura ciwon nan. Wadda irin haka ta taɓa samunta a haihuwar baya, ko ta sami mahaifiyarta ko 'yar'uwarta, ta faɗa tun a wajen awo, kai ma ka raka ta ku faɗa tare, don a shirya kafin naƙuda. Ku tura wa surukanku wannan bidiyon. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya yarda.