Ciwon damuwar lokacin sanyi a makarantunmu na Manchester

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, abu uku zan kawo. Masu zama kusa da hita, na'urar ɗumama ɗaki, ku matso, kada ɗumi ya sace ku.

Na farko, haske. A Kano, ko tsakiyar hunturu, yini ya fi awa 11. Nan Manchester a Disamba sai bayan ƙarfe takwas rana ke fitowa, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Yaro ya bar gida da duhu, ya wuni cikin aji, ya dawo da duhu. Idan ido bai samu hasken safe ba, jiki yana ci gaba da fitar da sinadarin melatonin, mai kawo barci. Shi ya sa za ka ga yarinya ta kifa kai a kan tebur, fensir a hannu, ba ta son magana, sai kwaɗayin burodi da kayan zaƙi. Mu kuma me muke cewa? Malalaciya. Don Allah ku daina cewa malalaciya! Ciwo ne da likitoci suka sani. Dakta Norman Rosenthal, wanda ya taso a Afirka ta Kudu ya koma Amurka, shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1984, kuma shi kansa ya sha fama da shi. Mutumin ƙasar rana ne kamar mu. Saboda haka lokacin tara, a fito da yara waje ko da hadari, a sa musu rigar sanyi. Hasken waje ranar gajimare ya ninka na ƙwan lantarkin aji nesa ba kusa ba. A buɗe labule, a matso da mai gyangyaɗi kusa da taga. A fito da su, na sake faɗa.

Sai bitamin D: hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ba da shawarar a sha maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu duhun fata kuwa duk shekara. Na huɗu… na uku ke nan? To, barci a kan lokaci.

Na'am, Malama? Tana tambaya, su malamai fa? Wallahi kin yi gaskiya, ku kuka fi daɗewa a cikin ginin. Akwai fitila ta musamman mai ƙarfin lux 10,000, lux ma'aunin haske ne, a zauna gabanta kamar rabin awa da safe. Shugaban makaranta zai iya ajiye ɗaya a ofishin malamai. Amma idan abokiyar aikinki ta yi makonni ba walwala, ko ta fara cewa rayuwa ta ishe ta, kada ki tsaya a "Allah ya sawwaƙe". Ki yi mata addu'a, ki kuma raka ta wurin likita a ranar.