Rajistar dole ta intanet a wasannin kwamfuta: wa take karewa, wa take takurawa?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. A yau za mu yi bayani ne a kan wani tsari da manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka daɗe da runguma, wato tilasta wa wanda ya sayi gem ya haɗa na'urarsa da intanet domin a tantance shi kafin gem ɗin ya buɗe. Tsarin ɗaya ne a ko'ina cikin duniya, sai dai nauyinsa a wuyan matashin da ke Ɓaɓura ko Gwaram ko Tudun Wada ya fi wanda yake a wuyan takwaransa na Landan nesa ba kusa ba.

Yadda abin yake gudana ba shi da wuyar fahimta. Kowane kwafi na asali yana zuwa da lambarsa ta daban, ko kuma a ɗaure shi da asusun wanda ya saya. Da zarar an ɗora gem a kwamfuta, sai ta aika wannan lamba zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ake isa gare ta ta intanet, wani lokaci haɗe da bayanin kayan da ke cikinta, idan sabar ta gamsu sai ta dawo da izinin buɗewa. Inda aka rabu shi ne yawan neman wannan izini. Wani gem sau ɗaya ake tantance shi a gama, wani kuma yana komawa neman izini lokaci zuwa lokaci, akwai kuma wanda ba ya yarda a rabu da intanet ko na minti ɗaya, ko da mutum shi kaɗai yake wasansa. Microsoft ne ya yaɗa irin wannan tantancewa da Windows XP a 2001, a fagen wasanni kuwa abin ya kankama a Nuwambar 2004, lokacin da kamfanin Valve ya fitar da Half-Life 2 ya kuma wajabta wa kowa, har wanda ya sayi faifai a kanti, ya yi rajista ta manhajar Steam, wato kantin wasanninsa na intanet.

Hujjar kamfanonin ita ce satar fasaha, kuma mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin ya ga yadda masu kwafar faifai da masu tura finafinai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Babban gem yakan ci shekaru ana haɗa shi, da ɗaruruwan ma'aikata, kuma kaso mai tsoka na cinikinsa a makonnin farko ake yin sa. Shi ya sa masu makullan hana kwafar gem irin su Denuvo, wanda ya fito daga ƙasar Ostiriya a 2014, ba su cika yin alkawarin cewa ba za a taɓa fasa makullinsu ba. Abin da suke sayarwa shi ne jinkiri, a hana ɓarayi har sai kasuwar farko ta ci. Mai saye ma yana da nasa rabon. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa barin faifai ya yi tsawon rai a wurarenmu, amma gem ɗin da ke cikin asusu ba ya karcewa, idan ma an sace kwamfutar ko ta ƙone, mutum zai shiga asusunsa a wata ya sake sauke abinsa ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tarihin wannan tsari cike yake da lokutan da makullin ya kama wanda ya biya kuɗi, ya bar ɓarawo yana wasansa hankali kwance. A 2008 kamfanin EA ya fitar da Spore da sharaɗin cewa sau uku kacal za a iya tantance shi, daga baya da ƙorafi ya yi yawa aka mayar da shi biyar, duk da haka gem ɗin ya shiga sahun waɗanda aka fi sata a wannan shekara. A 2010 Ubisoft ya wajabta haɗin intanet marar yankewa a Assassin's Creed II na kwamfuta, sai aka kai wa sabobinsa hari a watan Maris, masu kwafin asali da dama suka kasa shiga, kuma a 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya koma tantancewa sau ɗaya. SimCity na 2013 ya maimaita wannan tuntuɓe, har sai da aka ƙara masa damar bugawa ba intanet bayan shekara guda. Duk waɗannan sun faru ne a ƙasashen da wuta da intanet ba sa ɗaukewa.

A ƙauyukan Kano da Jigawa lissafin ya sha bamban. Ita kanta tantancewar ba ta cin data mai yawa, matsalar ita ce ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, sau da yawa manhajar takan ƙi buɗe gem sai an sauke sabuntawar da za ta iya kai gigabait goma ko ma fiye, a garin da sai an nemi tudu ko bakin titi kafin sabis ya tsaya. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta tangaɗe a Najeriya har kwanaki, kafin nan kuma, a 2021, an rufe layukan sadarwa ɗungurungum a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda matsalar tsaro. Mai gidan gem da ya zuba wa janareta mai, yara sun cika benci da kuɗinsu a hannu, ba abin da zai iya yi idan gem ya ce sai ya ji daga wata saba da ke Turai. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Galibin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu tsofaffi ne, na hannu, kullum suna wurin mai gyara, kuma sauya wani babban sashe na cikinsu kan sa makulli irin Denuvo ya ɗauka sabuwar na'ura ce, ya sake neman izini. Haka nan gem ɗin da aka ɗaure da asusu ba ya sayuwa ga wani, alhali kasuwar kayan lantarki a nan kusan duk a kan sayar da tsoho a cika a sayi wani take tafiya.

A ganina abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne makomar gem idan kamfani ya rufe sabarsa. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe sabobin The Crew, wasan tseren mota da ya fito a 2014, daga ranar kuwa har wanda ke riƙe da faifansa bai sake iya buga shi ba. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa, kayan ba su zama mallakinsa ba. Tantancewa sau ɗaya abu ne da za a iya jurewa, matuƙar kamfani zai cire makullin bayan kasuwa ta lafa, kamar yadda wasunsu suke yi da Denuvo. Wajabta intanet kullum a wasan mutum ɗaya kuwa ban ga hujjar da za ta wanke shi ba, ko Microsoft da ya shirya sa na'urar wasansa ta Xbox One ta riƙa neman izini duk bayan awa 24, sai da ya janye a Yunin 2013 tun na'urar ba ta shiga kasuwa ba.

Kwafin da aka fasa, wanda ake turawa a shagunan caji, ba mafita ba ne, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta karya irin waɗannan makullai, kuma irin wannan kwafi sananniyar hanya ce ta shigo da manhajojin da ke satar bayanan banki. Wanda zai sayi na asali ya fara duba shafin gem ɗin a Steam, domin a gefen shafin ana rubuta ko yana ɗauke da makullin wani kamfani ko yana buƙatar ƙarin asusu. Steam yana da tsarin bugawa ba intanet, amma sai an buɗe gem ɗin sau ɗaya a inda sabis yake da ƙarfi, an kuma kammala sabuntawa kafin a koma gida. Kantin GOG kuma, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya buɗe a 2008, yana sayar da wasanni ba makulli, ana iya sauke fayil ɗin ɗorawa a Dutse ko Wudil, a ajiye shi a filashi, a je ƙauye a ɗora ba tare da neman izinin kowa ba.