Darasin yau: yadda za mu tuna da Fadanmu bayan rasuwarsa

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa masu sauraro a nan Kaduna da kewaye. Darasinmu na yau ya samo asali ne daga wata uwa 'yar Zumuntar Mata da ta tare ni a bakin coci ranar Lahadi, idonta jajir. Ta ce, "Malam, Fadan da ya daɗe tare da mu ya kwanta dama, an binne shi, ga wata na neman cika. Me ya rage mana?"

To Mama, matso kusa da rediyo. Fada yana da dangi, amma bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. In mu da ya yi wa baftisma muka yi shiru, wa zai ambace shi?

A fara da zuwa wurin Fadan da ke riƙe da cocin yanzu, a tsayar da ranar Mas ta cika wata. Al'ada ce mai ƙarfi a ƙasar Ayalan, inda da yawa daga cikin fadocin SMA, wato ƙungiyar mishan ta Afirka, da suka yi aikin bishara a yankinmu suka fito. Wa'azin ranar na tashin Yesu daga matattu ne, ba wurin kirari ba ne. Tarihin mamaci a ba shi nasa lokacin, inda Fada ya yarda.

Tarihin nan fa shi ne inda muke yawan yin sakaci. Sai mutum ya tashi ya karanto: an haife shi, an keɓe shi, an kai shi can, an dawo da shi nan, ya zauna. Haba 'yan'uwa! Wannan ai takardar ofis ce.

Ku roƙi izini a buɗe muku littafin baftisma na cocinku. Ni na taɓa zama da irinsa. A shafukan farko sa hannun tsohon Fadanmu tsaye yake cak, tawada shuɗiya. Ina juyawa, shekara na bin shekara, sai na ga rubutun ya fara rawa. Can wajen ƙarshe na tarar da sunan wani jariri, ga sunan mahaifinsa a gefe, shi ma mahaifin hannun nan ne ya rubuta shi yana jariri. Sai da na rufe littafin na share hawaye. Ku ƙirga sunayen kawai, kada a kwashe bayanan mutane a fita da su.

In a wannan Akdayosis ta Kaduna aka keɓe marigayin ya zama Fada tsakanin 1975 da 2007, zamanin marigayi Akbishop Peter Jatau ke nan. Ku kuma lura, Kafanchan ta zama dayosis a 1995 daga sassan Kaduna da Jos, Zariya kuma a 2000 daga jikin Kaduna aka cire ta. Saboda haka cocin da ya fara aiki yana iya kasancewa a can yanzu, sai an aika an tambayo.

Sannan a shiga ƙauyukan da yake zagayawa. A nemi tsohon katikis, wato malamin da ke koyar da addini a ƙauyen, a gaishe shi, a zauna a kan tabarmarsa, a nemi yardarsa a ɗauki muryarsa da waya. Shi ya san ranar da babur ɗin Fada ya kafe a laka da damina, ya tattare rigarsa ya ƙarasa da ƙafa don ya shafa wa mara lafiya mai. Maƙwabtanmu Musulmi da suka zauna lafiya da shi, a kai musu gayyata har gida.

A rubuta sunansa cikin waɗanda za a yi wa addu'a ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan matattu masu bi. Yanzu Mama, da ku duka, mu sunkuyar da kai. Ya Ubangiji, ka ba bawanka hutawa ta har abada, haskenka madawwami ya haskaka masa. Amin.