Malamin cocin da ya zauna ƙirga laifuffukan mutane

Malam: Jama'a barkanmu da warhaka. Hajiya, yau kin ce wani malamin tauhidin Kirista za ki kawo mana, sai ga ki da takardu cike da alƙaluma.

Hajiya: Ai mutumin ne haka, Malam. Alexander von Oettingen sunansa, Bajamushe ne na yankin Baltik, an haife shi a 1827 a ƙasar da yau ake kira Estoniya, lokacin tana hannun daular Rasha. Ya koyar da tauhidin ɗarikar Luther, wani reshe na Kiristocin Furotesta, a jami'ar Dorpat, garin da yanzu sunansa Tartu. A 1868 ya fitar da wani katafaren littafi, Moralstatistik, wato ƙididdigar ɗabi'un mutane.

Malam: To me ya haɗa mai wa'azi da ƙididdiga?

Hajiya: Gardama ce ta ja shi. Kafin shi akwai Adolphe Quetelet, masanin ƙididdiga na Beljiyam, wanda ya bi rahotannin kotunan Faransa shekara bayan shekara. Sai ya ga adadin kisan kai kusan ba ya motsi. Har makamin da ake kisan da shi, wuƙa ce, bindiga ce, sanda ce, kowanne na riƙe da kasonsa. Daga nan ya ce al'umma ce ke shirya laifi, mai laifin kuwa hannu ne kawai da ya aiwatar.

Malam: Kai! To in haka ne alƙali ya tattara ya tafi gida mana. Ɓarawo ma ya ce shi lissafin bana ya cika.

Hajiya: Abin da ya hana Oettingen barci ke nan. Bai ce alƙaluman ƙarya ba ne. Shi ma ya tara nasa daga ƙasashen Turai: aure, mutuwar aure, 'ya'yan da aka haifa ba aure, karuwanci, masu kashe kansu. Amma ya ce daidaituwar da ake gani ba irin ta jifa ba ce, da dole dutse ya faɗo ƙasa. Mutum na da zaɓi, sai dai ba a daji yake zaɓin ba. Gidan da ya tashi, talaucin unguwa, abin da jama'a suka kau da kai a kansa, duk suna ciki. Saboda haka laifin na mai yi ne, kuma jama'ar ma ba ta fita ba.

Malam: Hajiya, ni fa ina da ja. Laifin da aka raba wa kowa, ƙarshe ba wanda zai ɗauka.

Hajiya: Ƙorafinka na kan hanya. Shi dai Oettingen a matsayinsa na ɗan ɗarikar Luther, zunubin da 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsa yake gani a alƙaluman. Shi ya sa ya kira aikinsa ɗa'ar zamantakewa, don ya ƙalubalanci Quetelet mai kiran nasa kimiyyar fiziks ta al'umma.

Malam: Masana zamantakewa sun saurare shi kuwa?

Hajiya: Alƙaluman suka kwashe, tauhidin suka bar masa. Émile Durkheim, masanin zamantakewa na Faransa, ya yi ta kafa hujja da shi a littafinsa na 1897 kan masu kashe kansu. Shi kuwa Oettingen ya koma rubutun aƙidar coci har ya rasu a Dorpat a 1905.

Malam: Bari mu ɗan sha ruwa, mu dawo kan Durkheim ɗin.