Harafin Da Ya Ci Kujerar Gwamna

Ku dubi kalmar nan: ixi. A Latin, harshen Rumawa, ipsi ake rubutawa. Marubucin tarihi Suetonius ya ce an ruwaito cewa Sarki Augustus ya sauke wani gwamna daga kujerarsa saboda ya ga ixi a rubutun hannunsa, ya ɗauke shi jahili. Shi kansa Suetonius abin ya ba shi mamaki, domin ya karanta wasiƙun sarkin, ya ga shi ma yakan tsallake haruffa, ya musanya wasu, yana bin yadda baki ke furtawa.

To me ya raba kuskuren sarki da na gwamna? A ganina, na gwamna ya tona asirin inda ya koyi magana. Bakin 'yan kasuwa ne ya fito a takardar hukuma.

Mu leƙa Pompeii, garin da tokar dutsen Vesuvius ta binne a shekara ta 79 Miladiyya. Bangwayensa cike suke da rubutun talakawa: masoya, mashaya, masu zagin maƙwabci. Harafin m na ƙarshen kalma yakan ɓace, h ma haka, don a baki an riga an daina furta su. Mai masauki kuwa, wanda 'yan makaranta ke rubuta caupo, a bango copo yake.

Wannan au da o ɗin har fada ta kai. Sarki Vespasian, wanda ba ɗan manyan gida ba ne, yakan ce plostra, wato amalanke. Wani babba mai suna Florus ya gyara masa: ai plaustra ake cewa. Washegari da suka haɗu, sarki ya gaishe shi da "Flaurus".

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne wani malami da sunansa ya ɓace, ya zauna ya jera kalmomi 227, kowace da gyaranta. Ana kiran jerin Appendix Probi. A ce auris, kunne, kada a ce oricla. A ce calida, mai zafi, kada a ce calda. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, amma bakin rijiya ba ya hana guga shiga. Daga oricla ɗin da ya hana aka samu oreille a Faransanci da oreja a Sifananci, a Italiya kuma har gobe calda suke cewa.