Fodkas: Ka Rera Kafin Ka Rubuta

Nura: An danna? To. Assalamu alaikum masu saurare. Tun makon jiya tambaya ɗaya ke ta shigo mana: ina so in fara rubuta waƙa, ta ina zan kama? Har da wanda ya turo baiti 12 ya ce mu yanke masa hukunci.

Jamila: Ni ma ciwona ke nan, Anti Binta. Wata uku da sayen littafin rubutu, shafin farko kawai na taɓa.

Binta: Me kika rubuta a ciki?

Jamila: Sunana.

Binta: Madalla, an fara! To ajiye biron tukuna. Waƙa a kunne take tsira. Aliyu Namangi makaho ne, amma dubi waƙar Imfiraji da ya bari. A ka yake tsarawa, ya rera, wasu su rubuta masa. Mu kuwa masu ido sai mu zauna muna ƙirga baƙaƙe. Bari in gwada ki: gida da kifi, wanne ya fi tsawo?

Jamila: Ai daidai suke, harafi huɗu-huɗu.

Binta: A takarda. Furta ki ji. "Gi" ɗin gida wucewa yake fit, "ki" ɗin kifi kuwa sai kin ja shi. Bokonmu ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa ido ke yaudarar mai koyo. Gaɓa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. In ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi, kamar "ran" a makaranta, ta yi nauyi. Karin waƙa kuwa jeranta su ne bisa tsari ɗaya. Saurara: zumunci, mutunci, karamci, aminci.

Nura: Kai, har ƙafata ta fara bugawa.

Binta: Saboda kowace kalma marar nauyi ɗaya ce, sai masu nauyi biyu. Sau huɗu. Masu aruli, wato ilmin auna karin waƙa, su ce maka wannan Mutaƙarib ne. Halilu ɗan Ahmad na Basra shi ya tsara ilmin a ƙarni na 8, karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Amma don Allah kada sabon shiga ya fara da haddace su. Na ga waɗanda suka iya yanka baitin wani gunduwa-gunduwa, nasu ko ɗango ɗaya, wato layi guda, babu. Ki ɗauki muryar wata waƙa da kika tashi da ita a baki, ki zuba kalmominki a kai. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan kari ya karye.

Jamila: Amsa-amo fa?

Binta: Yauwa, kin ce "fa". Nura, in faɗa ko ka faɗa?

Nura: Haba Binta, maganar nan ta shekara nawa?

Binta: Bawan Allahn nan ya taɓa kawo mini waƙa, kowane ɗango da "fa" ya ƙare. Na zo fa. Ban same ki ba fa. Zuciyata tana ciwo fa.

Nura: Ya amsa ko bai amsa ba?

Jamila: Wayyo cikina! Yaya Nura, ita wadda aka yi wa waƙar me ta ce?

Nura: Ta ce "to fa."

Binta: Ka ga ta fi ka iyawa, ta cika maka baitin.

Nura: Ai ban tsaya nan ba, na yi ta biyu da "dai".

Jamila: Sai ta uku da "kam".

Nura: Diwani guda nake shiryawa: fa, dai, kam, ma. Sai kun zo ƙaddamarwa.

Binta: Ni zan zo fa.

Jamila: Ni ma dai.

Nura: Ku ci gaba, Allah na gani.

Binta: To, raha gefe. Kuskuren Nura shi ne na kowa: a ɗaura wa ɗango wutsiya don dole a ce an sami amsa-amo, wato ƙarshen layuka ya zo da sauti ɗaya. Dabara ita ce ki zaɓi gaɓar ƙarshe mai yawan dangi, irin "wa" ko "ya", ki tara kalmomi ashirin masu ƙarewa da ita kafin ki fara. In kika ɗauko mai wuya, baiti uku za ki yi ki ƙafe. Kuma ki fara da 'yar ƙwar biyu, ɗango biyu a baiti, amsa-amon na ƙarshen na biyu. Ƙwar biyar da kowa ke sha'awa aiki biyu ce: ɗango huɗu da ƙaramin amsa-amonsu mai sauyawa kowane baiti, na biyar kuma ya riƙe babban har ƙarshen waƙa. Wannan a bari sai hannu ya faɗa.

Jamila: To a kan me zan yi? Duk abin da na tuna sai in ga an riga an yi.

Binta: Don kina tuna manya ne: duniya, ilmi, soyayya. Sauko ƙasa. Tsohon takalminki, ko yadda kakarki ke kiran sunanki in ranta ya ɓaci. Wannan babu wanda ya riga ki. Sannan ki karanta wa mutum ɗaya da ba ya jin kunyarki, da babbar murya, ki lura inda ya…

Nura: Binta, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya tafi.

Binta: Ban ma taɓo mabuɗi da marufi ba!

Jamila: Baiti 12 ɗin mai saurarenmu fa?

Nura: Kash. Malam, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa. Na dai leƙa, babu "fa" ko ɗaya a ciki.

Binta: To ya wuce ka. Jamila, baiti biyar nake jira ranar Asabar.

Jamila: Biyar, Anti? A bar shi uku mana.