Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Fim ɗin City of God Bai Tsufa Ba?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku.

Takardar farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya. Yana cewa: "Don Allah ina son bayani kan fim ɗin nan na Brazil, City of God. Me ya sa har yau ake maganarsa, alhali ya daɗe da fitowa?"

To malam, fim ɗin ya fito a 2002. Fernando Meirelles ne ya ba da umarni, tare da Kátia Lund, kuma an ɗauko labarin daga littafin Paulo Lins na 1997. Shi Lins a unguwar ya tashi, wato Cidade de Deus da ke birnin Rio de Janeiro, wadda gwamnati ta gina a shekarun 1960 ta kwaso talakawa daga wasu unguwanni ta zuba a ciki, nesa da tsakiyar gari. A 2004 fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oscar a ɓangarori 4, ciki har da ba da umarni da ɗaukar hoto, duk da cewa bai ci ko ɗaya ba.

Amma a ganina abin da ya riƙe fim ɗin shi ne wanda aka ba wa bakin labari. Buscapé yaro ne mai tsoro, ba ya iya fashi, burinsa ya zama mai ɗaukar hoto. Ta idonsa muke kallon yadda sa'ansa Zé Pequeno ya fara kisa tun bai kai munzali ba, har ya mamaye cinikin hodar iblis a unguwar. Unguwa ɗaya, lokaci ɗaya, talauci ɗaya, amma kowa da inda ya nufa. Ga kuma Mané Galinha, kwandastan bas mai mutunci, wanda aka yi wa budurwarsa fyaɗe, aka kashe masa 'yan'uwa. Ya shiga faɗan daba don ɗaukar fansa kan Zé, da sharaɗin ba zai taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Bai iya cika alƙawarin ba, kuma ɗan wani mutum da ya kashe ne ya harbe shi a ƙarshe. Wannan ɓangaren yana taɓa ni ƙwarai.

Sannan galibin 'yan wasan ba ƙwararru ba ne. Yara ne da matasa na unguwannin talakawan Rio, aka yi watanni ana horar da su. Shi ya sa maganarsu da tafiyarsu ba sa kama da wasa.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, wadda ta ce: "Anya irin wannan fim ba ya koya wa yaranmu daba?"

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Ba fim ɗin yara ba ne ko kaɗan, akwai zubar da jini da shaye-shaye da abin da bai kamata yaro ya gani ba. Sai dai babban da ya kalla da wuya ya fito yana sha'awar daba. Akwai wurin da Zé ya ritsa ƙananan yara biyu, ya harbe su a ƙafa, sannan ya miƙa wa wani yaron bindiga ya ce ya zaɓi ɗaya ya kashe. Ƙaramin yana ta kuka. Shi kansa Zé ɗin, 'yan sanda sun kama shi, suka karɓe kuɗinsa suka sake shi, sai yaran nan da ya raba wa bindigogi suka taru suka kashe shi, suka kama lissafin wanda zai biyo baya. Duk wanda ya san yadda daba ke jan ƙananan yara a wasu unguwanninmu zai gane wannan ba tare da an yi masa bayani ba.

Game da ko an yi ci gabansa, kamar yadda mai tambayar Zariya ya ƙara a ƙarshen takardarsa: eh, a 2024 tashar HBO ta fito da shiri mai dogon zango, inda Alexandre Rodrigues ya dawo a matsayin Buscapé, ya zama babba yana aikin jarida.

Sai takarda ta gaba.